Tambaya da Amsa: Nawa ne alawus ɗin sojan da aka tura ƙasar waje?

Tambaya: Sunan maigidana ya fito cikin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata a bariki na cewa kowane soja na samun sama da dalar Amurka 1,400 a wata. Gaskiya ne? Daga wata matar soja, Tawa.

Amsa: Malama, kuɗin akwai su, amma ba hannun maigidanki suke zuwa ba. Tun watan Yulin 2022 Majalisar na biyan dalar Amurka 1,448 a wata kan kowane sojan da ke cikin bataliya, kuma gwamnatin ƙasar da ta turo shi ake biya, bayan kowane wata uku. Ƙasar ce ke yanke alawus ɗin da za ta ɗora masa kan albashinsa. Shi ya sa sojoji biyu masu muƙami ɗaya daga ƙasashe biyu ke gadi a ƙofa guda, amma samunsu ya sha bamban.

Abin da Majalisar ke ba sojan bataliya kai tsaye kaɗan ne: dala 1.28 a rana, sai kuɗin hutu dala 11.50 a rana har kwana 15 cikin kowane wata shida. Ci da kwanansa ba daga aljihunsa ba ne.

Idan kuwa an tura shi shi kaɗai, a matsayin hafsan sa ido ko na hedikwata, lissafin daban ne. Zai riƙa karɓar alawus ɗin zama, wato MSA, a hannunsa. Ana tsara shi bisa tsadar rayuwa a ƙasar da yake aiki, ya fi yawa a kwana 30 na farko, kuma ana rage shi idan Majalisar ce ta ba shi masauki. Daga ciki zai biya haya da abinci, don haka kada gida ya ɗauka duka ajiya ne.

Kafin ya tashi, ki roƙe shi ya nemi adadin alawus ɗinsa a rubuce daga ofishin kuɗi na soja, ya kuma yi miki takardar wakilci a banki. Ba tare da ita ba, kuɗi na cikin asusu, yara na jiran na cefane. Ya duba sunan da ya rubuta a takardar magada, domin diyyar mutuwa a bakin aiki ta kai dala 77,000, kuma rikicin dangi kan irin wannan kuɗin ba ya da daɗin ji.

Sai canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, dala kuwa hawa da sauka take. Dala 500 a kan sefa 600 jaka 300 ce. In dala ta sauko sefa 560, jaka 280 ce kawai. Biyan ma yakan makara idan manyan ƙasashe suka jinkirta ba Majalisar nasu kason. Mun ga gidajen da suka ci bashin fili da na biki tun kuɗin ba su shigo ba, abin ya zame musu nauyi. Ki tsara kuɗin makaranta da na abinci bisa albashinsa na wata kawai, har sai alawus ɗin ya faɗa asusu.