Ku Tambayi Anti: Tallafin ƴan coci, in karɓa ko in haƙura?

Masu karatu barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni uku ne suka shigo min kusan duk a kan magana ɗaya, sai na ce bari kawai in haɗa su wuri guda in huta.

Tambaya: Anti sannu da ƙoƙari. Ni dai maigidana ya rasu shekara biyu kenan, ya bar min yara huɗu, autan ko shekara uku bai cika ba kuma kullum cikin rama yake. To akwai wata ƙungiyar agaji ta ƴan Katolika da suke rubuta sunaye, an ce suna duba yara kyauta suna ba da kayan abinci har da koyar da sana'a, maƙwabciyata ta je an rubuta ta, ni kuma yayan mijina ya ce in na kuskura na taka wajen to na sayar da addinina, wai da buhu ake farawa a ƙare a cikin coci. Alhali shi ko sisi ba ya kawo mana. Dan Allah Anti ya zan yi?
*Daga Uwar Marayu*

Amsa: Allah ya jiƙan maigida ya raya miki zuri'a ƴar'uwa. Kafin komai, yaron nan ki kai shi a duba shi cikin satin nan, ko wajensu ko wani asibitin, rama a yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba abin jira ba ce. In kin je za ki ga wani ɗan tef mai kala uku da suke naɗa wa yaro a damtse, kore da rawaya da ja, in ya faɗa a ja wato ƙasa da santimita 11.5 to tamowa ce mai tsanani, nan take ake sa shi a layin magani. Tef ɗin nan kuwa bai san sunan addinin kowa ba.

Sai maganar yayan mijinki. Ba zan ce tsoronsa babu tushe kwata-kwata ba, a tarihi an yi masu haɗa agaji da wa'azi, har gobe ma akwai ƙananan ƙungiyoyi masu yin haka. Amma manyan ƙungiyoyin Katolika suna da doka a rubuce a kan wannan. A 1994 aka fitar da wata ƙa'idar aikin jinƙai tare da ƙungiyar Red Cross, Caritas da CRS (Catholic Relief Services), manyan ƙungiyoyin agajin Katolika, suna cikin waɗanda suka tsaya aka yi ta, a ciki an ce ana ba da agaji ne bisa buƙata kaɗai ba a duba addini ko ƙabila, kuma ba a amfani da shi don tallata wani addini ko siyasa. Shi kansa Fafaroma Benedict na 16 a wasiƙarsa ta farko ga mabiyansa, wadda ya sa wa hannu a ƙarshen 2005, ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba a mayar da aikin taimako hanyar janyo mutane cikin addini. Kin ga kenan in wani ma'aikacinsu ya ce sai kin zo addu'a sannan a ba ki, dokar gidansu ya karya, kina da damar kai ƙararsa.

Ki duba ƙasa irin Jodan ko Bangaladesh ko Pakistan, Kiristoci ƴan tsiraru ne a can, amma Caritas ta shekara sama da 50 tana aiki a kowaccensu, wa kike ganin suka fi yawa a layin? Ƴan gudun hijirar Siriya da suka kwarara Jodan bayan 2011 galibinsu Musulmi ne, kuma sun sha magani a asibitocinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, za ki iya ganin gicciye a bango, za ki ga sista da lulluɓinta, wani lokacin ma'aikata su yi addu'arsu da safe kafin su buɗe. Gidansu ne, ba za su sauke kayansu don kin zo ba, ke ma ba wanda zai ce ki cire hijabinki. Fatawa kam ba aikina ba ce, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa, amma dai a sira an karanta mana cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, shi kuwa Kirista ne. Ni abin da ya fi ci min rai a wasiƙarki shi ne mai hanawar, mutum ba ya kawowa kuma ya tare ƙofa, haba. In yana da gaskiya ya ɗauki nauyin autan mana. Ki yi masa magana da ladabi ta bakin wani babba a dangi, kar ya zama rigima, amma ki kai yaron.

Tambaya: Anti wai su waye Caritas ɗin nan ne, kuma ina suke samun kuɗin da suke rabawa haka? Ni fa duk abin da aka ce kyauta ne sai na ji gabana ya faɗi.
*Daga wani ɗalibi mai son sani*

Amsa: Ƙanina gabanka ya daina faɗuwa, tambayarka tana kan hanya. Caritas kalmar Latin ce, ma'anarta ƙauna. Wani fada, wato limamin Katolika, mai suna Lorenz Werthmann ya kafa ta farko a Jamus a 1897, daga baya ƙasashe suka riƙa buɗe nasu, a 1951 suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya mai hedikwata a Rum, yanzu ƙungiyoyi sama da 160 ne a ciki. Kowacce tana ƙarƙashin bishop-bishop na ƙasarta, shi ya sa aikin wannan ƙasa ba lallai ya yi kama da na waccan ba. CRS da kake gani a jikin motoci ta bishop-bishop ɗin Amurka ce, an kafa ta a 1943 saboda ƴan gudun hijirar yaƙin duniya na biyu a Turai. Akwai kuma ta Saint Vincent de Paul, ita ni ta fi burge ni saboda ɗalibai ne irinka suka fara ta a Faris a 1833, jagoransu Frédéric Ozanam shekararsa 20 lokacin, salonsu shi ne su bi mabuƙaci har ɗakinsa mutum biyu-biyu su zauna su ji matsalarsa, ba wai ya zo ya yi layi a rana ba.

Aikin kuwa ya danganta da wurin. Wani wajen asibiti ne da makaranta da rijiyar burtsatse, a ƙasashe masu kuɗi kuma za ka ga ɗakin kwanan marasa gida, wurin rabon abinci, lauya mai taya baƙin haure cike takardu, masu kula da tsofaffi, da masu ba da shawara ga wanda shaye-shaye ya kama. Wanda na ga ya fi daɗewa a hannun mutane shi ne asusun haɗin gwiwa da CRS ke koyarwa, suna ce masa SILC. Mutum 15 zuwa 30 ne za su zaɓi junansu, duk sati kowa ya zuba abin da ya samu a rubuta a littafi a gaban kowa, mai buƙata ya ranta ya biya, bayan wata 8 zuwa shekara a fasa a raba. Ƙungiyar ba ta sa ko kwabo a ciki, koyarwa kawai take yi, kuma ƴan asusun ne ke tsara dokarsu, don haka in ba kwa son kuɗin ruwa a rance tun ranar farko za ku faɗa a rubuta.

Kuɗi kuma daga sadakar da mabiya ke bayarwa a coci yake fitowa, musamman a azuminsu na kwana 40 kafin Ista, sai masu hannu da shuni, sai gwamnatoci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ba su kwangilar aiki. Wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari, don da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025 CRS na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ayyuka da dama suka tsaya aka sallami ma'aikata. Saboda haka duk mai karɓa kar ya ɗora tukunyarsa kacokan a kansu, shiri ne mai wa'adi, yau akwai gobe babu.

Abu ɗaya da mutane ba sa sani sai sun je: asibitocinsu suna bin koyarwar cocinsu, ba sa ba da ƙwayoyi ko allurar tazarar haihuwa, ba sa zubar da ciki. Mai neman tsarin iyali irin na allura sai ya nufi wani asibitin, kar ya ɓata kuɗin mota.

Tambaya: Anti wani ya turo min saƙo a WhatsApp da tambarin wata ƙungiyar coci wai in tura kuɗin fom da lambar asusuna za a saka ni a tallafi, gobe ake rufewa. In tura?
*Daga ƙanwarki*

Amsa: Kar ki tura ko sisi ƙanwata, ɗan damfara ne. Tambari kowa na iya kwafowa a intanet, kuma wannan "gobe ake rufewa" ɗin ita ce ƙugiyar, so yake ki tura kafin ki yi tunani. Rajistar agaji ba a biyan kuɗi, ba a tambayar lambar sirrin katinki, ma'aikatan gaskiya suna zuwa da katin shaida a wuya, su yi tambayoyi a kan mutum nawa ne a gida da me ake ci, wani lokacin ma su tako har gidan su gani da idonsu. Haka in ma'aikacin gaske ne ya nemi a ba shi wani abu, ko ya nemi mace da lalata kafin ya sa sunanta, wannan laifi ne babba a wajensu da ke sa a kori mutum, yawanci akwai akwatin ƙorafi ko lambar waya manne a wurin rabon, ki ɗauki hotonta tun ranar farko ki ajiye.

Ki je ofishinsu da ƙafarki, ko cocin Katolika mafi kusa ki nemi ganin fada ko sakatarensa ki nuna musu saƙon, su ma za su so su sani ana cin kasuwa da sunansu. Lambar kuma ki toshe ta, amma ki fara ɗaukar hoton hirar tukuna.