Amsa ga Malam mai tambaya kan bairos ɗin da ya ƙi barin kwamfutar gida

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce an cire wa kwamfutar gidanka bairos a wurin mai gyara, ta yi lafiya kamar mako biyu, sai tallace-tallace suka sake ɓullowa, ta koma nauyi, kuma duk filashin da aka soka mata sai fayilolinsa su rikiɗe su zama shotkot. Kana neman sunan antibairos mai ƙarfi da za ka saya. Na ga 'yan'uwa sun jero maka sunaye, Allah ya saka musu da alheri. Ni kuwa da na daɗe ina gyaran kwamfutocin mutane, shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna. Bairos ba ya dawowa don kansa. Ko dai tun farko bai fita ba, ko kuma hanyar da ya bi ya shigo tana nan a buɗe, kuma wani a gidan yana binta kullum bai sani ba.

Fara da tabbatar da cewa ya fita. Buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, ka danna Manage settings, ka gangara ƙasa zuwa Exclusions. Wannan shi ne jerin wuraren da aka ce wa Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa cikin Windows, kada ya duba. A kwamfuta mai lafiya galibi za ka tarar babu komai a ciki. Amma na sha buɗe wurin nan in ga an sa foldar AppData, ko ProgramData, wani lokacin ma C: ɗin gaba ɗayansa. Mai irin wannan kwamfutar zai yi ta bincike yana ganin alamar kore, hankalinsa kwance, alhali an rufe wa mai gadin ido. Goge duk abin da ba kai ka sa ba. Daga nan ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Ka ƙara da binciken Malwarebytes na kyauta, wani antibairos ne, don jin bakin wani daban, bincike kawai ba gadi ba. Sai ka leƙa Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da ake sa wa lokaci, domin a nan da yawansu ke barin umarnin a sake sauko da su bayan kowane 'yan mintoci.

Tallan nan da kake gani kuma, mai yiwuwa daga Chrome yake. Duba Extensions, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa Chrome, ka cire duk wanda ba ka sani ba, sannan ka duba shafukan da aka ba izinin turo sanarwa. Ka lura da wani abu: idan Chrome ɗin yana haɗe da Gmail ɗinka, ko an yi wa kwamfutar fomatin, da zarar ka sake shiga zai iya dawo maka da ƙarin da ke ciki, har da mugun.

Idan bayan duk wannan zuciyarka ba ta natsu ba, a kwashe takardu da hotuna, a yi mata fomatin, a sa Windows da aka sauko daga shafin Microsoft. To amma a nan ne nake so ka tsaya a kan mai gyaran, ka ga abin da zai zuba mata da idonka, don a nan mafi yawan matsalar take.

Abin da aka saba shi ne, ana gama fomatin sai a ciro filashin shago a loda Office da Photoshop da IDM da wasannin yara, duk kirak, wato manhajojin kuɗi da aka fasa don su yi aiki ba lasisi, a bi su da KMSPico ko wani ɗan'uwansa don Windows ta daina neman lasisi. Kuma kusan kowane kirak yana zuwa da umarni guda: kashe antibairos kafin ka saka. Don Allah, Malam, ka yi tunani a kai. Mutumin da ba ka sani ba ya ɓata lokacinsa ya fasa manhajar da ake sayarwa da tsada, ya raba ta kyauta, ya kuma ce ka sallami mai gadi kafin ta shigo. Ba na cewa masu gyara mugunta suke yi. Yawancinsu su ma haka suka samo, kuma kwastoma ne ke matsa musu a cika masa kwamfuta da komai. Amma sakamakon ɗaya ne. Akwai bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce kirak. Na ga ɗalibar da ya kulle wa kundin bincikenta na kammala karatu: kowane fayil ya samu baƙon wutsiya a ƙarshen sunansa, ga wata 'yar takarda mai suna _readme.txt tana neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Ba ta da kwafi a ko'ina. Har yau ina jin ciwon abin.

Aikin gida bai buƙatar wannan kasadar. LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Akwai Word na intanet da Microsoft ke bayarwa kyauta ga mai asusu. VLC na kallo, 7-Zip na buɗe matsattsun fayiloli. Kowanne a ɗauko shi daga shafin masu shi, ba daga tallan da ya fito a saman sakamakon Google ba.

Sai filashi. Bairos ɗin shotkot ba ya cinye fayilolinka. Ɓoye su yake yi, ya ajiye shotkot masu sunayensu. Kana dannawa, sai ya fara shiga kwamfutar, sannan ya buɗe maka foldar don kada ka yi zargi. Shi ya sa gyaran kwamfutar kaɗai bai isa ba. Tara duk filashin gidan da memorin wayoyi, a bincike su rana ɗaya da kwamfutar, in ba haka ba wanda aka manta a jakar makarantar yaro shi zai dawo da ku baya. Idan ka ga shotkot kada ka danna. Buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (ka musanya E da harafin filashinka), fayilolin za su bayyana, ka kwashe naka, ka yi wa filashin fomatin. Game da shagon buga takardu kuwa, inda filashi ɗari ke ratsa kwamfuta ɗaya a wuni, mafi sauƙi ka mayar da takardar PDF ka tura musu ta WhatsApp ko imel. In dole sai da filashi, a ware guda na fita waje, wanda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kansa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk waɗannan gaggawa. Cire bairos ba ya dawo da abin da ya riga ya sata. Irin su RedLine da Lumma aikinsu kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, har da shaidar da ke nuna ka riga ka shiga asusu, cikin ɗan lokaci kaɗan. A watan Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ya kama cikin wata biyu kacal. Don haka ka ɗauka cewa duk kalmar sirrin da ke kan kwamfutar nan ta fita. Canza su daga wayarka, ba daga kwamfutar ba. Fara da imel, domin da shi ake sake buɗe sauran. Sai Facebook, sai banki. A kowanne ka nemi wurin fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A WhatsApp ka duba Linked devices. Uwargida da yara ma su yi nasu.

Na san dalilin da ya sa muke kashe sabuntawar Windows: data. Uzuri ne na gaskiya, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bairos ɗin WannaCry da ya bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ya bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ya kama. Microsoft na fitar da gyare-gyarenta ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ka sayi datar dare sau ɗaya a wata ka bar ta ta gama. Chrome ma haka. Idan Windows 7 ce a kanta, an daina kula da ita tun Janairun 2020. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai ƙarin wa'adin gyaran tsaro da aka ware wa masu rajista zuwa Oktoban 2026. In kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows, na tafiya lafiya a tsofaffin injina, kuma bairos ɗin shotkot ba ya aiki a kansa.

Tunda yara na amfani da ita, buɗe musu asusu na daban mai matsayin Standard, ka riƙe na Administrator da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani. Duk abin da zai taɓa tushen kwamfutar sai an zo wurinka. Wannan bai hana komai da komai ba, amma na ga yadda yake rage dawowar kwamfuta shago. Ka kuma kunna File name extensions a File Explorer, don a riƙa ganin bambancin takarda.pdf da takarda.pdf.exe. Ka gaya musu duk shafin da ya ce su danna maɓallin Windows da R su liƙa wani rubutu don tabbatar da cewa su mutane ne, damfara ce, su rufe shi. Kalmar sirrin shiga saitin MiFi ko rautar gidan, in har yanzu admin ce, a canza.

Antibairos kuwa, Defender da ke cikin Windows ya wadatar wa gida matuƙar yana kunne kuma yana sabuntawa. Kada ka haɗa biyu masu gadi lokaci ɗaya, rikici suke yi su ƙara mata nauyi. Kuɗin da ka ware, sayi faifan ajiya na waje da su. Ka riƙa kwafe takardu da hotuna a kai, kana gamawa ka zare shi ka sa a durowa, domin mai garkuwa da fayiloli yana kulle duk abin da ya tarar a jone.

Ka duba Exclusions ɗin yau da daddare, ka faɗa mana abin da ka gani a ciki da kuma wace Windows ce a kanta. Daga nan za mu san ko gyara zai isa ko sai fomatin. Allah ya tsare mana.