Tambayoyin Masu Karatu: Me ya kai agwagwar roba tsakiyar teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwanakin baya ƙanena ya turo mini hoton wata agwagwa ruwan ɗorawa tana yawo a gaɓar tekun Hong Kong, kwale-kwalen da ke kewaye da ita kamar 'ya'yanta. Na ce masa haɗin kwamfuta ne, ya rantse mini gaskiya ce. In haka ne, mene ne amfaninta, kuma me ya sa manya da hankalinsu suke tururuwar kallon kayan wasan yara?
Daga wata mai karatu a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ki ba ƙanenki haƙuri, domin shi ne mai gaskiya. Wani mai zane-zane ɗan ƙasar Holan, Florentijn Hofman, shi ya ƙirƙiro wannan agwagwa, yana kwaikwayon 'yar ƙaramar ta roba da ake jefa wa yara a ruwan wanka. Ta bayyana a garin Saint-Nazaire na Faransa a 2007 da tsayin mita 26, sannan a 2013 aka kai wata mai mita 16.5 tashar jiragen ruwa ta Victoria a Hong Kong, wato kusan tsayin bene mai hawa biyar. Cikinta iska ce zalla, fanka ke hura ta, an ɗora ta bisa wani dandamali mai iyo, jirgin ruwa kuma yana jan ta.

Hofman ba shi ne farau ba wajen mayar da ƙaramin abu ƙato. Tun a 1976 wani mai sassaƙa, Claes Oldenburg, ya kafa wa birnin Filadalfiya na Amurka ɗan abin nan da ake maƙale tufafi da shi a igiyar shanya, sai dai nasa na ƙarfe ne kuma ya kusa mita 14. A 1988 shi da matarsa Coosje van Bruggen suka shimfiɗa wani ƙaton cokali a kan tafki a birnin Minneapolis na Amurka, da jan ɗan itacen ceri a bakinsa yana fesa ruwa. A Bilbao ta Sifaniya kuwa, mutum-mutumin ɗan kwikwiyo ne, aikin mai sassaƙa Jeff Koons, mai kimanin mita 12 zaune a ƙofar gidan adana kayan fasaha na Guggenheim tun 1997, jikinsa duk furanni masu rai waɗanda ake canzawa idan yanayi ya juya.

Batun amfani kuwa, hukumomin birane suna da nasu lissafin, tunda baƙi na zuwa, masu otal da masu abinci na ciniki, kowane hoto da aka ɗauka kuma talla ce ta kyauta. Amma a ganina ba wannan ne ke fito da mutum daga gida ba. Ki tuna lokacin da kike 'yar shekara uku, turmin gidanku ya kai ki tsayi, taɓarya kuma ta gagare ki ɗagawa. Wanda ya tsaya a gindin cokalin da ya ninka shi sau da yawa, wannan ƙuruciyar ce take dawo masa na 'yan mintoci, sai ka ga dattijo da furfura ya ɗaga kai yana dariya bai ma sani ba. Mutum-mutumin sarki ko janar yana neman ka san tarihi, ka kuma nutsu a gabansa. Agwagwa ba ta neman komai, ba tikiti, ba mai gadi, kuma ɗan dako da farfesa fahimtarsu ɗaya.

Ba kowa ne abin ke burgewa ba, akwai masu ganin almubazzaranci ne a garin da wasu ba su da wurin kwana, kuma wannan magana ce da ba za a yi watsi da ita ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ranar da agwagwar Hong Kong ta sace a watan Mayun 2013, ta kwanta shame-shame bisa ruwa kamar wainar ƙwai, mutanen gari suka cika intanet da jimami har aka sake hura ta. Da ta koma Hong Kong a watan Yunin 2023, biyu aka kai, kowace mita 18, kuma ba a jima ba zafin rana ya tilasta aka sace iskar guda, 'yar'uwarta ta yi kwanaki tana yawo ita kaɗai.