Amsa: Me ya sa fangas ɗin nan ba ya jin magani ko zafi?

Ɗan uwa ka tambaya yadda fangas masu sa cuta, wato ƙwayoyin halitta dangin funfuna, suke jure wahala har magani ya kasa su. To gaskiya abin nan ba ƙaramin ɗan duniya ba ne. Zafin jikinmu digiri 37 ne, yawancinsu ba sa iya rayuwa a ciki, amma waɗanda suka iya, da zafi ya matsa sai su ƙara yin wani furotin, Hsp90, da ke riƙe sauran furotin ɗinsu kada su lalace. Shi kuwa wani fangas da ake kira Cryptococcus baƙin launi yake shafa wa bangonsa, irin melanin ɗin fatarmu, ya zame masa garkuwa.

Wanda ya fi ɗaure min kai Candida ne, ka ba shi magani yana da wasu ƴan famfuna a jikin ƙwayarsa da suke tofo shi waje, kuma ƙwayoyin Candida ɗin su taru su manne jikin robar fitsari ko ta jijiya su yi yauƙi, magani ya kasa ratsawa. Wani nau'insa mai suna Candida auris ma sai 2009 aka fara gano shi a kunnen wata mara lafiya a Japan, wasu masana na zargin ɗumamar yanayi ce ta saba masa da zafi, amma dai zargi ne tukuna.