Amsa: Sauya wa tsohon jirgin Beechjet 400A inji

Malam, tambayarka ita ce ko ya fi maka ka sa wa ƙaramin jirgin samanka Beechjet 400A sababbin injina, ko ka sayar da shi ka nemi na zamani. Ni dai shawarata ka sauya injin, muddin gangar jikin jirgin tana da lafiya kuma kana yawan tashi da shi. Hanya ce da aka riga aka share: ana cire tsofaffin injinan Pratt & Whitney JT15D a ɗora injinan Williams FJ44, kamar yadda kamfanin Nextant ya yi a samfurin 400XT da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka (FAA) ta amince da shi a 2011. Shan mai yana raguwa sosai, ƙara tana sauka, zangon da jirgin ke ci ba tare da ya sauka shan mai ba kuma ya kai kusan mil 2,000 na teku.

Amma don Allah kada ka biya ko sisi kafin a buɗe fukafukai da ƙasan daɓen jirgin a duba tsatsa. Na taɓa yin aiki a kan wani jirgi da mai shi ya riga ya ba da kafin alƙalami na injina, muna buɗewa sai ga tsatsa ta ci ƙarfen da ke riƙe da fiffike. Gyaran ya laƙume ribar man da yake hange ta shekaru, abin ya dame ni ƙwarai. Kuma idan jirginka ya fi kwana a rumfar ajiye jirage, sauƙin man ba zai mayar maka da kuɗinka ba.