Bututun fetur ya yi tsatsa: a ja tiyo ko a sa ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tasi da Toyota Corolla tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi, daga Kanada aka shigo da ita. Tsatsa ta ci bututun da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, har yana ɗiga. Wani fita (makanike) a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ya ce a cire shi duka a ja tiyo, ya fi araha. Wani kuma ya ce sai ƙarfe. Maganar wa zan ɗauka? — Direban tasi, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki ta na biyun.

Tsatsar nan da wuya a ce a Kumasi ta samo ta. A Kanada gishiri suke watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarƙashin mota tun kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Don haka inda ka ga ɗigo, ka ɗauka sauran bututun ma ya kusa.

Motarka mai injekta ce, wato mai fesa wa inji fetur da matsi. Famfonta na tura fetur da ƙarfin psi (ma'aunin matsi) 40 zuwa 60, ba kamar tsohuwar mai kabreta ba da ba ta wuce 7. Doguwar roba a ƙarƙashin mota kuwa tana shan tsakuwa, tana gugar ƙarfe, ga zafin salansa kusa da ita. Ranar da ta tsage fesa fetur za ta yi, kana ɗauke da fasinja.

Tiyo na da wurinsa: ɗan guntu, inda ake haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ko nan ma ka karanta rubutun jikinsa da idonka. SAE 30R9 shi ne na injekta. 30R7 na ƙaramin matsi ne, kuma su biyun kama suke yi, mai shago ma wani lokaci bai tantance ba. A buɗa bakin bututun ya yi ɗan tudu don kada tiyon ya zame, a ɗaure da kilif na injekta, ba mai haƙoran nan da ke yanka roba ba.

Ƙarfen fa? In ka samu na gamin jan ƙarfe da nikel, saya. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da sauƙi. In babu, sabon baƙin ƙarfe mai rufi ya isa. Jan ƙarfe zalla irin na masu gyaran firji kada ka yarda, girgizar hanya na sa shi ya yi tauri ya tsage. Je da guntun tsohon don a auna kauri, yawanci milimita 8 ne.

Kafin a kwance, a zare fiyus ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa, a cire kan batir. Kada mai walda ya matso. Tunda motar na kan rami, sa fita ya duba bututun birki, tare suke tafiya, gishiri ɗaya suka sha.