Giyar Hiace Ɗina Tana Kai-Komo a Hawan Hada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hiace mai giyar otomatik huɗu, ina ɗaukar masu ziyara daga Makka zuwa Ɗa'ifa. A kwance lafiya lau take, amma da na fara hawan Hada da fasinja cike sai ta yi ta shiga ta huɗu tana komawa ta uku, kwanan nan har da ƙauri. Wani mai warsha ya ce a sauke giyabos. In yarda? Direba, Shara Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a sauke shi tukuna. Kai-komon nan ba lallai lalacewa ba ne, amma barinsa a haka shi zai kai ka ga lalacewar.

Idan giyabos ɗinka A340E ne, wanda ke cikin Hiace da Hilux da yawa, a giya ta ɗaya injin na juyawa sau 2.80 kafin sandar da ke fita baya ta juya sau ɗaya. Ta biyu 1.53, ta uku 1.00, ta huɗu 0.705. Idan kana ta uku allurar da ke nuna juyin injin a minti na kan 3,000, ta shiga ta huɗu, allurar za ta faɗo wajen 2,100, ƙarfin da ke isa taya ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. A titin Jidda hakan daidai ne, fetur yake rage maka. Amma daga Makka zuwa Ɗa'ifa hawan ya haura mita 1,500, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100, saboda iska ta yi sauƙi. Sai mota ta kasa ja a ta huɗu, ka ƙara taka totur, ta dawo ta uku, ta samu gudu, ta sake komawa. Kowane canji faiba, wato faifan kuloci na cikin giyabos, na gogar juna, kwanbata kuma, wato abin da ke haɗa injin da giyabos ta hanyar mai, na dama mai yana zafafa shi. Man giya ya fi son zafin digiri 80 zuwa 95. In ya wuce 120 ya fara ƙonewa. Ƙaurin da ka ji ke nan.

Tun daga gindin dutse danna maɓallin O/D, wato na giya ta huɗu, da ke jikin sandar giya, fitilar O/D OFF ta kama, mota ta tsaya a ta uku. A kwanoni masu tsananin tsayi sa ta a 2. Ƙarar injin za ta ƙaru, kada ta dame ka muddin allura ba ta kusa jan layi ba. Wurin saukowa ma haka, kuma nan ne muka fi jin tsoro, don rayuka ka ɗauko. Bar injin ya riƙe mota a 2, don yawan taka birki yana zafafa mansa. Man birki DOT 3 sabo sai a digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha danshi kuwa a 140, in ya tafasa birki ya tafi ƙasa ba kamawa. Ranar da kaya ya yi yawa, hanyar Sail ta fi sauƙin hawa ko da ta fi nisa.

Sannan duba man. Mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri madaidaici, injin na aiki. Zagaya sandar giya duka ka dawo P, zare sandar gwaji, goge, mayar, sake zarowa. Ya kamata ya tsaya a tsakanin alamun HOT. Ɗiga shi a farar takarda. Ja garau lafiya. Ruwan ƙasa, canji ya yi. Baƙi mai ƙauri da ɗan gari-gari, faiba ta fara cinyewa. In ya zama kamar madara mai ruwan hoda, ruwan lagireto ne ya shiga, tsaya da motar nan take.

A cire tasar ƙasa, a wanke maganaɗisun da ke cikinta, a canza filta da gaskit. Laushin baƙin gari a kansu ba komai, ɓurɓushin ƙarfe shi ne ke sa a sauke giyabos. Lita 2 zuwa 3 kawai ke fita ta ƙasa, saura yana kwanbata, don haka a maimaita bayan tafiyar kilomita 500. A zuba irin da aka rubuta a sandar gwaji, T-IV ko Dexron, ban da gauraya. Ba ma son a sa wa giyabos da ya daɗe ba a taɓa ba injin wanki mai matsi. A zafin Hijaz da irin aikinka, canza kowane kilomita 40,000, ka kuma ƙara ƙaramin lagireton mai a gaba. Idan fitilar O/D OFF tana ƙyafta da kanta, a sa kwamfuta a karanto lambar matsalar, sau tari solanoid ne ko na'urar auna gudu.

Tambaya: Na sa wa Hilux taya 265/75R16 maimakon 205R16, yanzu ta yi nauyin tashi. Ɗan'uwanku daga Jidda.

Amsa: Ɗan'uwa, tsayin tayarka ya tashi daga milimita 734 zuwa 804, kusan kashi 10 cikin ɗari. Duk giyoyinka sun yi tsawo da wannan adadin, shi ya sa tashi ya yi nauyi, kuloci kuma na shan wahala. Agogon gudu ma ba ya faɗin gaskiya: in ya nuna 100 kana kusan 110, kyamarar Sahir mai kama masu gudu a titi kuwa ainihin gudun take aunawa. Ko ka koma girman asali, ko a canza haƙoran difarenshal, gaba da baya in mai jan ƙafa huɗu ce.